Baƙin allo ba ɗakin 'yan damfara ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san abin da na rubuto ya zarce abin da kuka saba ba mutum ɗaya. Ka yi haƙuri da ni, maganar ce ta ƙi yankuwa.

Makonni kaɗan da suka wuce kun buga wasiƙar wani bawan Allah yana jan hankalin iyaye su sa ido a kan abin da ake koya wa 'ya'yansu a shagunan koyon kwamfuta. Har nan muna tare da shi, Allah ya saka masa da alheri. Inda muka raba hanya shi ne inda ya ce alamar da uba zai gane an fara lalata masa yaro ita ce ya same shi gaban baƙin allo yana ta zuba rubutun da ba a gane kansa. Ni malamin kwamfuta ne, shekarata goma sha ɗaya ke nan a wani ɗan shago a Sabon Garin Zariya, kuma wannan magana ta fama mini tsohon ciwo, domin an taɓa faɗa mini ita ido da ido. Wani dattijo ne, tela, ya zo ɗaukar ɗansa Nura bayan la'asar. Ya tsaya a bayan yaron ya jima yana kallo, sannan ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ba yahoo kuke koya musu ba?" Bari in faɗi abin da yaron yake yi a lokacin, mai karatu ya yanke hukunci da kansa.

Da daminar 2023 ne. Kwamfutoci shida gare mu, duk 'yan gwanjo da na sayo a titin Beirut a Kano, kuma da yake tsufa ya hana su ɗaukar kaya mai nauyi, sai muka zuba musu Debian 12, wato wani nau'in Linux, tsarin gudanar da kwamfuta na kyauta, wadda ta fito a watan Yunin shekarar. Rajistar ɗalibai, da wanda ya biya da wanda ake bi bashi, duk a SQLite nake ajiye su, wata 'yar ƙaramar ma'ajiyar bayanai da komai nata ke zaune a fayil guda. Babu intanet a shagon. Abin da muke taƙama da shi wata filasha ce da wani tsohon ɗalibina ya cika mini da tushen manhajoji iri-iri, wato ainihin rubutun da masu manhaja suka yi da hannunsu, kafin a juya shi ya koma abin da na'ura ke iya gudanarwa. Daga cikinta na gina sqlite3, manhajar da ake buga wa SQLite umarni da ita, ya kuma tashi lafiya ƙalau. Sai dai da ka yi kuskuren harafi ɗaya a tsakiyar dogon layi, ka danna kibiyar hagu don ka koma ka gyara, sai allo ya tofo maka ^[[D. Ka danna ta sama don ka dawo da umarnin ɗazu, ya miƙo maka ^[[A. Ba ka da mafita sai ka share duk abin da ka rubuta har zuwa wurin kuskuren, ka sake daga nan. Wanda bai taɓa yin wannan sau talatin a wuni ba, ba zai san yadda yake cin rai ba.

Ba lalacewa ba ce kuwa. Maɓallin kibiya ba harafi ɗaya yake aikawa ba, alamomi uku ne a jere: wadda maɓallin Esc ke aikawa, sai [, sai A ko B ko C ko D gwargwadon kibiyar da ka danna. Dole a samu wani a ciki da zai tari ukun nan ya ce, to wannan ba rubutu ba ne, mutumin so yake ya koma baya. Tsarin Unix, wanda aka faro a 1969 zamanin da kwamfuta ke ba mutum amsa ta hanyar buga rubutu a takarda, bai tanadi mai wannan aiki ba. A takarda ai ba a komawa baya. Abin da aka iya shi ne a share na ƙarshe, ko a zubar da layin ɗungurungum. Linux ta gaji wannan hali, kuma har gobe haka take in ba a kawo mata mataimaki ba.

Mataimakin shi ne Readline. Masu sana'ar suna kiran irinsa laburare, amma ba na littattafai ba. Ni idan zan bayyana wa ɗalibai, injin niƙan unguwa nake kawo musu misali: ba kowane gida ke sayen injinsa ba, kowa tura yaro yake yi da hatsi. Haka bash, manhajar da ke karɓar umarni a baƙin allon nan, da Python, da gdb, da psql, da sqlite3, kowannensu yana buƙatar ya karɓi layin rubutu daga hannun mutum, amma maimakon kowa ya ƙera nasa tsarin gyaran layi, sai su miƙa aikin ga Readline, shi ya kula da kibiyoyi, da tuna abin da aka rubuta a baya, da ƙarasa sunan fayil in an danna Tab, sai mutum ya danna Enter sannan ya miƙa musu layin a gyare. Brian Fox ne ya fara rubuta shi a ƙarshen shekarun 1980 lokacin da yake yi wa aikin GNU na samar da manhajojin kyauta hidimar rubuta bash, wanda ya fito a 1989. Daga baya riƙon ya koma hannun Chet Ramey na Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland a Amurka, kuma sama da shekara talatin ke nan yana riƙe da su biyun. Duk wanda ya taɓa danna kibiyar sama a bash ya ga umarninsa ya dawo, ya ci guminsa, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

Gara in faɗi gaskiya tun da wuri, kafin masana su rufe ni da duka: mai intanet ba ya buƙatar wahalar da na sha. A Debian ko Ubuntu layi ɗaya ne, sudo apt install libreadline-dev, a Fedora kuma sunan kunshin readline-devel, shi ke nan an wuce wurin. Ni ba ni da intanet ranar, amma akwai readline-8.2.tar.gz a filasha, abin da bai fi kusan megabait 3 ba. Ga gcc ga make, kayan aikin ginin manhaja, na riga na sa su tun a gida. Ɗalibai biyar na ajin yamma suna zaune, na ce musu su matso da kujerunsu, yau za su ga yadda ake gini.

Na kwance ƙunshin da tar, na shiga cikin foldar. Akwai fayil biyu da aka rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe don makaho ma ya gani, README da INSTALL. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na buga ./configure, tambayoyi suka yi ta gudu a allo, kowane layi yana farawa da checking, yana ƙarewa da yes ko no. Na buga make, aka ɗan jima, ba ƙorafi. Na buga sudo make install, wato girkawa da ikon mai kula da na'urar gaba ɗaya, sannan sudo ldconfig don na'ura ta sabunta rajistar laburarorinta. Na juya na kalli yaran irin kallon nan na kun gani ko. Na koma na sake gina sqlite3 tun daga farko, na buɗe shi, na danna kibiyar sama.

^[[A.

Ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ya fi dariya ciwo. Hauwa, wadda ba ta cika magana ba, ita ce ta ce, "Malam, ba kai ka ce mana configure yana rubuta duk abin da ya gani a wani fayil ba?" Ni na faɗa musu kuwa, satin da ya wuce. Muka buɗe config.log na sqlite3, muka nemi kalmar readline. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ya ga sabon laburaren, ya gwada ƙulla wata 'yar manhajar gwaji da shi, abin ya ƙi, undefined reference to tgetent, haka tputs, haka tgoto, da wasu 'yan'uwansu. Da ya ga haka sai ya rubuta no a gaban tambayar, ya ci gaba da harkarsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Wannan hali na configure ya kamata kowane mai koyo ya sani. Abin da ba dole ba ne, in bai samu ba, ba ya tsayawa ya yi maka kuka, wucewa yake yi ya gina maka abin da ya sawwaƙa.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na biyu ya faɗo. Ina da wani ɗan rubutu da nake amfani da gawk, wata manhajar sarrafa rubutu, wajen tara kuɗin da aka biya a mako. Da za mu tashi na ce bari in duba lissafi, sai ga wannan:

gawk: symbol lookup error: /usr/local/lib/libreadline.so.8: undefined symbol: UP

Garin neman gira na rasa ido. Abin da ya faru shi ne, in ba ka gaya wa configure inda za a girka kaya ba, /usr/local yake kai su. Debian kuwa tana da nata libreadline.so.8 tun asali, shi manhajojin ke amfani da shi, illa dai ba ta zo da fayilolin da mai gini ke buƙata ba, irin su readline.h. To a jerin wuraren da na'ura ke dubawa, /usr/local/lib yana gaba da na gida. Sunansu ɗaya, lambarsu ɗaya, don haka duk manhajar da ta tashi neman Readline sai ta ci karo da nawa tukuna. Nawa kuwa gurgu ne. Abin da ya cece ni shi ne bash na Debian yana ɗauke da nasa kwafin Readline a cikin jikinsa, ba ya aro. Ba don haka ba da ƙofar da zan bi in gyara ɓarnar ma ta rufe. Na koma foldar ginin na buga sudo make uninstall, na maimaita ldconfig, gawk ya dawo hayyacinsa. Aka ɗauke wuta daidai lokacin, kuma ban taɓa jin daɗin ɗauke wuta irin na ranar ba.

Da dare, a gida, na buɗe INSTALL ɗin da na raina. Amsar tana ciki tun da can. Readline ba shi ke magana da allo kai tsaye ba. Allunan umarni iri-iri ne tun zamanin da, kowanne da alamomin da yake ganewa in ana so manuni ya hau sama ko a share layi, don haka akwai wani laburaren dabam mai riƙe da wannan ilimi, da can termcap, yau galibi ncurses, wanda Thomas Dickey ke kula da shi. Su tgetent da tputs ayyukansa ne, shi kuma UP ɗin da gawk ya yi kuka a kai, wurin ajiye alamar hawan manuni sama ne. Da gangan masu Readline suka bar shi ba a ɗaure da ko ɗaya daga cikinsu ba, wai don kowace manhaja ta zaɓi wanda ya yi mata. Masu Debian su suna ɗaure nasu kafin su raba, shi ya sa gawk bai taɓa damuwa da zancen ba sai da na cusa masa nawa. Ina ganin hujjar masu Readline, amma a ra'ayina wannan zaɓi ya jefa mutane da yawa a rami, kuma ko su sun ji koken, domin a siga ta 8.2, wadda ta fito a 2022, sun ƙara wani zaɓi mai suna --with-shared-termcap-library don mai son a ɗaure masa tun a wurin gini.

Washegari na sauko da kunshin libncurses-dev ta wayata. Na san mai karatu zai ce, to tunda ka kunna data me ya hana ka sauko da libreadline-dev gaba ɗaya ka huta? Babu abin da ya hana sai taurin kai, da kuma idanun yara biyar da suka ga malaminsu ya faɗi jiya. In na zagaye ta bayan gida, darasin da za su ɗauka shi ne in abu ya ƙi, a gudu. Na ce musu yau ba za mu taɓa sudo a wurin girkawa ba ko sau ɗaya. Nura ne ya zauna a kujera, ni ina tsaye. Ya buga make distclean don a share ragowar jiya, sannan:

./configure --prefix=$HOME/gini

make SHLIB_LIBS=-lncursesw

make install

Wannan --prefix shi ne abin da nake so duk mai koyo ya riƙe da hannu biyu. Ma'anarsa, duk abin da za a girka a zuba shi a wata folda cikin gidan mai amfani, ba a tsakar gidan kowa da kowa ba. In ya yi kyau, madalla. In ya lalace, ka share foldar, babu wanda ya ji ko ya gani. Na biyun kuma shi ne ɗaurin da ya ɓace jiya. Da aka gama muka leƙa cikin gini/lib, ga libreadline ga ƙaninsa libhistory, kowanne iri biyu, mai ƙarewa da .a wanda ake narkawa a jikin manhaja, da mai .so wanda ake aro lokacin aiki. Muka tambayi ldd ko da wa sabon laburaren yake ɗaure, ya lissafo, ga libtinfo a ciki, ɓangaren ncurses da ke riƙe da su tgetent. Saura a nuna wa sqlite3 hanya, tunda yanzu kayan ba a bakin titi suke ba. Muka ba configure nasa CPPFLAGS mai nuna gini/include, da LDFLAGS mai nuna gini/lib, muka haɗa da rpath don manhajar ta riƙe adireshin a kanta ko bayan an gama gini. Nura ya buɗe, ya rubuta umarni ɗaya, ya danna kibiyar sama, umarnin ya dawo. Sai da na ce su rage murya, akwai mai shagon magani a maƙwabta.

Da a nan labarin ya ƙare da ban dame ka da wasiƙa ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya shafe mu mu Hausawa musamman. Muna da tsarin madannai na Hausa a kan injinan, wanda ake kunnawa da setxkbmap -layout ng -variant hausa, don ina matsa wa ɗalibai su riƙa rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƙugiyarsu. Hauwa ta zauna za ta shigar da sunan wani sabon ɗalibi, Baƙo. Layin da aka buga kafin nan shi ne select suna from rajista. Ta buga B, ta buga a, ta buga ƙ, ta buga o. Abin da ya fito a allo: Basunao. Ta goge ta sake, Basunao. Ta gwada Maikuɗi, ɗ ɗin ya ƙi fitowa sam, sai ƙara da na'urar ke yi kamar an taka ɗan tsako. Wani daga baya ya ce, "Malam, wallahi akwai aljanu a injin nan."

Na kwana biyu kafin in gano, kuma da na gano sai abin ya ba ni sha'awa fiye da haushi. A tsarin UTF-8, wanda ke mayar da haruffa lambobi don na'ura, haruffan Turanci bait ɗaya-ɗaya ne, wato lamba ɗaya kowanne, amma namu masu ƙugiya bait biyu-biyu ne. Harafin ƙ, wanda lambarsa a Unicode ita ce U+0199, ana aika shi a matsayin C6 da 99. Readline ya iya haruffa masu bait da yawa tun siga ta 4.3, amma sai ya tambayi na'ura wane harshe da wane tsarin haruffa take kai. Yaron da ya taya ni zuba Debian a wannan injin, don sauri, ya zaɓi C a wurin tambayar harshe, wato babu harshen kowa, haruffan Turanci zalla. A wannan yanayi Readline yana ɗaukar duk bait ɗin da lambarsa ta haura 127 a matsayin umarni, kamar an danna Esc an biyo da wani maɓalli. Sai C6 ya zama "tsallaka kalma ɗaya gaba", wanda bai yi komai ba tunda a ƙarshen layi ake, shi kuma 99 ya zama "ɗauko kalma ta biyu daga layin da ya gabata ka liƙa a nan". Kalma ta biyu a layin baya ita ce suna. Ga aljanin. Su kuma bait biyun ɗ ba su dace da wani umarni ba, shi ya sa sai ƙara kawai.

Na ce to abu mai sauƙi, a gaya masa Hausa muke yi. Akwai ha_NG a cikin harsunan da laburaren C na GNU ya sani, abin da ɗalibaina ba su yarda ba sai da suka gani. Na buga export LANG=ha_NG.UTF-8, na buɗe sqlite3. Segmentation fault. Ya faɗi warwas tun kafin ya ce uffan. Nan kam laifin ya rabu biyu. Nawa shi ne na kira sunan harshen da ban riga na girka shi a injin ba. A Debian sai ka buɗe /etc/locale.gen, ka cire alamar # daga gaban layin ha_NG, ka gudanar da locale-gen tukuna. Nasu kuma shi ne Readline 8.2 kamar yadda ya fito da farko yana da wannan aibi: in aka ba shi sunan harshen da babu, maimakon ya haƙura ya koma na asali, sai ya kife. Sun gyara, kuma gyaran shi ne faci na farko da suka fitar wa wannan siga, readline82-001. Haka al'adarsu take, ba sa sake ɗinka ƙunshin duka saboda 'yar ɓaraka, sai su riƙa fitar da faci mai lamba a gefensa, mai gini ya ɗauko ya liƙa bi da bi da patch -p0 kafin ya fara. Ƙunshin da ke filashata tsirara yake, babu faci ko ɗaya. Masu Debian su sun liƙa wa nasu. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na gida ya fi naka aminci in ba koyo kake yi ba. Muka sauko da facin, 'yan layuka ne da ba su ci data ba, muka liƙa, muka sake gini karo na uku, muka girka harshen. Hauwa ta buga Baƙo ya fito Baƙo, ta danna maɓallin sharewa, ƙ ya tafi gaba ɗayansa ba rabi ba. In ƙara da cewa ba dole sai ha_NG ba, ko C.UTF-8 ka sa ƙugiyoyin za su zauna daram. UTF-8 ɗin ne magani. Amma tunda ga namu, me zai kai mu aron na wani?

Sauran abubuwan da muka tsinta a hanya ba sai na ja su ba. Ctrl-A farkon layi, Ctrl-E ƙarshensa, Ctrl-K ya yanke, Ctrl-Y ya mayar, duk gadon manhajar gyaran rubutu ta Emacs ne, mai son salon kishiyarta vi kuma ya rubuta set editing-mode vi a fayil ɗin .inputrc. Ctrl-R, mai binciko tsohon umarni da ka fara buga guntunsa, shi yaran suka fi so. Ni kuwa layin da na fi gode wa shi ne set bell-style none, domin injina shida suna ƙara a ɗaki ɗaya ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Akwai dai batu ɗaya da nake tsayawa a kai da duk ɗalibin da ke mafarkin sayar da manhajarsa. Readline kyauta ne amma da sharaɗi. Lasisinsa GPL ne, ba sassauƙan nan da wasu laburarori ke bi ba, don haka in ka ƙulla manhajarka da shi kuma ka raba ta ga jama'a, dole kai ma ka buɗe tushen taka a kan irin wannan sharaɗi. Ba barazanar baki ba ce, a 1992 an yi wannan takaddama a kan wata manhaja mai suna CLISP, ta kuma ƙare da komawarta GPL. Wanda ba ya so akwai libedit, wanda ya fito daga gidan BSD, lasisinsa ba ya tilasta wannan, shi ma Apple ke sakawa a macOS. Akwai kuma linenoise, ɗan ƙarami mai layi kimanin dubu, da Salvatore Sanfilippo ya rubuta wa manhajarsa Redis. Yaron da aka koya wa karanta lasisi kafin ya ɗauki kayan wani, ban ga ta inda ya kama hanyar sata ba.

To ranar da dattijon nan ya zo, Nura yana maimaita ginin ne shi kaɗai a injin na huɗu, ba tare da ya kalli takarda ba. Na ce, "Baba, zauna in nuna maka, ai sana'arku ce." Na ce wannan na farko da ake kira configure awo ne, yana auna injin kamar yadda kake auna kafaɗa da tsawon hannu, don ba kowane jiki ne ɗaya ba. Na biyu yanka da ɗinki. Na uku kai wa mai kaya ya rataye. Wancan kuma da ya liƙa da farko sunansa faci, kuma faci ne. Ya ce, "To in awon ya kuskure fa?" Na ce sai riga ta ƙi shiga, kuma ta ƙi shiga gare ni har sau biyu a gaban yaran nan. Ya yi dariya, ya ce shi ma yana yaro ya taɓa ɓata wa maigidansa shadda yadi biyar. Bai ce ya gamsu ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya dai tsaya har Nura ya gama, ya sa shi ya rubuta sunan kakansa, Ɗanbaba, ya ga ƙugiyar ta fito, sannan suka tafi. Nura bai fasa zuwa ba.

Ba na musun cewa akwai ɓata-gari, kuma ba na cewa iyaye su daina tambaya. Su tambaya, su shigo su zauna ma. Amma mu duba waɗanda suka cuci 'yan'uwanmu da muka sani: kira ne a waya da murya mai daɗi, ana cewa daga banki ne a turo BVN ko lambar da ta shigo yanzu, ko alat na bogi a bakin shago. Ba ka buƙatar sanin make kafin ka yi wannan. Abin da ni ya fi damuna shi ne shagunan da ke karɓar kuɗin iyaye wata shida, yaro ya fito da satifiket mai zanen zinare, amma in kwamfuta ta nuna masa saƙon kuskure layi ɗaya sai ya kashe ta ya kunna, in ta maimaita ya ce a yi mata fomatin. Hauwa yanzu in abu ya ƙi, tambayarta ta farko ita ce ina log ɗin yake. A wata shida na koyar da buga wasiƙa ban taɓa samun ɗalibin da ya yi wannan tambaya ba, kwana huɗu na faɗuwa da tashi a kan laburare ɗaya suka haifar da ita. Shi ya sa na mayar da ginin Readline darasin dole a ajin yamma, kuma da gangan nake miƙa musu ƙunshin ba faci, ba na kuma ce musu su buɗe INSTALL. Wanda ya buɗe da kansa ina lura da shi.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne, Edita, ko in ce ga mai tsara shafi. In Allah ya sa za ku buga wannan, don Allah a bar umarnin yadda na rubuta su. Karan da ke gaban prefix guda biyu ne gajeru, manhajar tsara shafi takan haɗe su ta mayar da su dogo ɗaya, kuma duk yaron da ya kwafa haka configure zai kore shi. Baƙo kuma a taimaka a bar masa ƙugiyarsa.

Naka,
Malamin kwamfuta,
Sabon Gari, Zariya.